Mujallar da Gwaggo Ta Ƙunshe Turare da Ita

Gwaggona turaren wuta take sayarwa a unguwar Sheshe. Yayar mahaifina ce, kuma tun kafin in yi wayo mijinta ya rasu ya bar ta a gidan da ya gada, wani tsohon gidan ƙasa a ƙarshen lungun da idan mutum biyu suka haɗu sai ɗaya ya karkace. Allah bai ba ta haihuwa ba, saboda haka duk hutun makaranta sai a ɗaure mini 'yan kayana a kai ni wurinta. Sunan mahaifiyarta aka sa mini, don haka bakinta ba ya iya kiran sunana. Uwata take ce mini, ko da kuwa faɗa za ta yi.

Mijin nata, wanda kowa ke ce wa Malam, iyayensa daga Borno suka zo, amma shi a nan cikin birni aka binne cibiyarsa. Littattafai yake sayarwa a kasuwar Kurmi, yana kuma fatauci da su zuwa gabas. A hannun mahaifiyarsa Gwaggo ta koyi haɗa turare. Da hantsi takan shimfiɗa tabarma a tsakar gida, kusa da wani tsohon lalle da ya kusa kamo katanga, ta ɗora kasko a kan garwashi, ta narka sukari, ta zuba guntayen itacen sandal tana juyawa, tana yayyafa wani abu daga wannan kwalba, wani daga waccan. Hayaƙin ba ya gaggawar tashi. Sai ya tsaya a tsakar gidan kamar baƙon da hira ta yi wa daɗi, rana tana ratsa shi. Ni kuwa in kishingiɗa a gefen tabarma, idona biyu amma kamar mai barci, ina jin gunjin tattabarun maƙwabta.

Masu hali kwalba guda suke saye. Sauran mata kuwa kaɗan-kaɗan suke saye, a ƙunsa musu a takarda, kuma ƙunshin nan shi ne aikina idan na zo hutu.

A ƙarƙashin gadon Gwaggo akwai adaka biyu da Malam ya bari. Ɗaya baƙa ce, kullum a kulle, cike da littattafan addini cikin gafakarsu ta fata, da wasiƙu na ajami. Wannan Gwaggo ba ta taɓa ta sai da alwala. Ɗayar kuwa mai zanen furanni ce, murfinta ya lotsa, a ciki aka jibge duk abin da aka rubuta da boko: tsofaffin mujallu na Hausa da na Turanci, kalandu, littattafan makaranta da suka rasa bango. A ganin Gwaggo rubutun da ba na Larabci ba bai da wata alfarma, saboda haka daga nan take yago takardar ƙunshi. Ba ta bin tsari. Duk inda hannunta ya faɗa nan take yaga.

Ina ajin ƙarshe na firamare, karatun Hausa ya zauna mini a baki, wata rana ina shirin ƙunsa wa wata mata turare sai idona ya sauka a kan rubutun takardar da ke hannuna. Na ajiye ta a ƙarƙashin cinyata, na ɗauko wata na sallami matar. Da ta fita na ciro abata na karanta gaba da baya.

Labarin wani tela ne, mutumin wani gari na arewa, wanda bai taɓa ganin ruwan da ya wuce kududdufi girma ba. Ya ji matafiya suna cewa kowane kogi yana da inda yake zubewa, sai ya rufe kekensa na ɗinki ya ce sai ya ga wurin da idonsa. A shafin da na samu, ya riga ya shiga kwalekwalen wasu fatake masu kanwa da albasa, sun kwana a tsakiyar ruwa. Da asuba ya farka, tururi yana tashi daga kan kogin har ba ya ganin hannunsa sosai, sai ya ji wani sauti da bai taɓa jin irinsa ba yana matsowa. A nan takardar ta ƙare, a tsakiyar magana.

Na ce, "Gwaggo, ina sauran wannan?"

Ta ce, "Sauran me?"

"Takardar da ke bin ta. Labari ne, bai ƙare ba."

Ta karɓa ta juya ta sama ta koma ƙasa, ta sansana, ta miƙo mini. Ta ce, "Uwata, ai sai ki je ki tambayi matan birni. Na fi shekara ina yagar wannan. Wata tana Koki, wata tana Ƙofar Mata, wata ma ƙila tana ɗakin amarya a wani gari."

Ban san lokacin da hawaye suka zubo mini ba. Ta fara dariya, da ta ga da gaske nake sai ta haɗiye abinta. Ta ce, "To, share hawayenki. Kwashi duk abin da ya rage naki ne. Amma fa ki nemo mini abin ƙunshi, don ba zan zuba wa mutane turare a tafin hannu ba."

Na kawo mata tsofaffin littattafan rubutuna na makaranta. Daga ranar lissafina ne, da jan biron malaminmu a kansa, ya shiga yawon gidajen birni.

Mujallar Hausa ce, fitowa-fitowa, labarin telan kuma a kowace fitowa ana kawo yanki guda. Babu wadda ke da bango, don bangon ya fi kauri, shi Gwaggo ta fara cinyewa. Na jera abin da na samu a kan gado, ya zama kamar bakin tsohuwa, haƙori nan, giɓi nan. A wani shafin telan yana ɗinke wa sarkin jirgi tsumman rigarsa, a na gaba kuma har sun isa wani gari da ake gina ɗakuna a kan itace cikin ruwa, ban san yadda aka yi suka je ba. Sai na riƙa cike giɓin da kaina. Idan damina ta sauka, indararo ya cika lungunmu da ruwa, nakan tsaya a bakin zaure ina kallon ja-jan ruwan yana gudu, in ga kwalekwalen ya ɓullo ta kwanar gidan mai kitso, telan yana zaune a kan buhun kanwa. Sautin nan kuwa da ya ji da asuba, na yanke wa kaina cewa teku ce. Ban taɓa ganin teku ba, amma na daɗe ina jin ƙararta a tsakar gidan Gwaggo, musamman idan hayaƙin turare ya yi kauri.

Shekaru suka shuɗe. Na gama kwalejin horon malamai, aka yi mini aure a Koki, na fara koyarwa. Takardun suna cikin wata leda a ƙasan akwatina, wani lokaci sai in shekara ban duba su ba.

Wata rana ana suna a maƙwabtanmu, muna zaune a ɗakin uwar mai jego, ta buɗe akwatinta za ta ciro wani tsohon saƙi da aka goya 'ya'yanta duka da shi. Tana ɗaga murfin sai ƙamshin tsakar gidan Gwaggo ya buge ni. Na leƙa. A tsakanin zannuwa ga wata takarda a ninke, ta yi ja, maiƙo ya ratsa ta har ana ganin rubutun baya ta gaba.

Na ce, "Inna, mene ne wancan?"

Ta ce, "Wannan? Takardar turare ce. Turaren ya ƙare tun ban aurar da kowa ba, amma ita ta riƙe ƙamshi. Ai duk haka muke yi, a sa a cikin kaya, asu ma ba ya kusantar wurin."

Na roƙe ta ta ba ni in gani. Na warware ta. Telana ne, yana cin kifi busasshe a wata kasuwar bakin ruwa, yana mamakin mutanen da ba su san tuwon dawa ba. Ana ta guɗa a tsakar gida, ni kuwa ina can bakin kogi.

Washegari na tafi Sheshe. Lokacin Gwaggo ta fara manyanta, amma ƙwaƙwalwarta tana nan garau. Ba ta riƙe sunayen masu sayen turarenta ba, haɗinsu ta riƙe. Sai ta lumshe ido ta ce, "Akwai mai son kajiji ya yi yawa, gidansu yana kallon rijiya. Akwai wadda ba ta son a sa farce a haɗinta ko kaɗan, wai yana sa mata ciwon kai, tana bayan masallacin nan mai ƙaramar hasumiya. Akwai 'yan biyun nan da suka auri wa da ƙane." Tana faɗa ina rubutawa, tana kuma dariya. Ta ce, "Uwata, mutane suna neman abin da za su ci, ke kina neman abin da aka yar."

Haka na fara shiga gidaje. Ranakun da babu makaranta, bayan la'asar, sai in ɗauki sabon ƙunshin turare daga wurin Gwaggo, a farar takarda, in yi sallama a gidan da ban san kowa ba. Da farko sai a yi ta kallona. Idan na faɗi abin da ya kawo ni wasu su yi dariya har su riƙe ciki, wasu su ɗauka wani asiri zan haɗa. Amma da zarar na ambaci mai turaren Sheshe sai fuska ta saki, a shimfiɗa mini tabarma, a jawo akwati daga ƙarƙashin gado. Ban taɓa sanin akwatin tsohuwa gari ne guda ba sai a lokacin. Kafin a kai ga takarda sai an bi ta kan zanen da aka kai ta ɗaki da shi, da ɗankwalin da miji ya sayo mata daga Makka, da 'yar rigar yaron da bai rayu ba. Kowanne sai an ɗaga shi an ba ni labarinsa. Sau da yawa magariba ce take tashina.

Ba kullum nake samun telana ba. Sau da yawa abin da ke ninke a cikin kayan wani shafi ne daban: tallan keke, da wani mutum mai hular kwano yana murmushi a kansa, hoton wasu mata da manyan ɗaurin kai suna jiran jirgin ƙasa, wani gari na Turawa da ƙanƙara ta rufe har rufin ɗakuna, babu kowa a titi sai kare ɗaya. Duk karɓa nake yi. Da labari ya bazu cewa akwai wata malama mai son tsofaffin takardu, sai aka fara ba ni har abin da ban tambaya ba. Wata ta ba ni wasiƙun da mijinta ya riƙa aiko mata lokacin da yake aikin jirgin ƙasa a kudu, kowace da kan sarkinta, ta ce 'ya'yanta ba su damu da su ba, gara su zauna inda za a riƙa buɗe su. Wata ta ba ni littafin koyon ɗinki da aka buga tun kafin a haife ni.

Na kuma riƙa zuwa Kurmi wurin wani dattijo da rumfarsa take jikin ta Malam a da. Ya gane mujallar da kallo ɗaya, ya faɗa mini sunanta, ya ce ba ta daɗe ana buga ta ba ta mutu. Bai da ko ɗaya, amma yana da buhunan wasu a ƙarƙashin teburinsa, waɗanda masu ƙosai ne kaɗai ke tambaya. Yakan ba ni benci in zauna in yi ta tonawa, hasken rana yana saukowa ta hudojin rufin kasuwa a kan shafukan, hayaniyar masu sayen sirdi da linzami tana nisa da ni kamar a wani gari ake yi.

Da ledoji suka cika ɗakin kwana, maigidana ya ce abin ya isa. Na ɗauka zai ce in zubar, sai ya share mini ɗan ɗakin da ke saman soro, ya kira kafinta ya buga katakai, aka tsoma ƙafafunsu a gwangwanayen toka saboda gara. Idan abokansa sun zo yakan ce, "Matan mutane suna jera kwalla da tangaran, tawa abincin gara take jerawa." Amma na sha hawowa in tarar da shi tsaye yana kallon hoton garin nan mai ƙanƙara.

A shekarun nan ne yanar ido ta rufe ganin Gwaggo. Ta daina soya turare, sai dai ta zauna a gindin lalle tana jan carbi. Wata rana da na je ta ce, "Uwata, kina da alwala?" Na ce ina da ita. Ta kwance mabuɗi daga bakin zanenta ta ce in jawo baƙar adakar.

A saman littattafan akwai wani ƙunshi cikin farin ƙyalle. Wasiƙu ne, babu ambulan, babu kan sarki. Ta ce na Malam ne. Duk garin da ya yada zango a hanyar fatauci sai ya zauna ya rubuta mata, amma ba ya aikowa. Sai ya tara su a aljihun gafaka, idan ya dawo ya huta gajiya, ya zaunar da ita ya karanta mata ɗaya bayan ɗaya.

Na ce, "Me ya hana shi aikowa, Gwaggo?"

Ta ce, "Wa zai karanta mini? Ni karatun sallah kaɗai na iya. Shi kuma ya ce ba ya son maganarsa ta iso kunnena ta bakin wani ƙato." Ta lalubo hannuna. "Ke dai uwata ce, ba zai ji haushi ba."

Ajamina na makarantar allo ne, rubutun Malam kuwa irin na mutanen gabas, mai kauri, haruffa suna hawa kan juna. Ina tafe ina tuntuɓe. Babu wani abin mamaki a cikin wasiƙun. Ruwa ya tare su a hanya sun fake a rumfar wani mai shayi. Motarsu ta lalace sun wuni a gindin tsamiya. Ya ci wani dabino da ya so a ce tana kusa ta ɗanɗana. A ƙarshen kusan kowace sai ya tuna mata ta zuba wa lalle ruwa, alhali ya san ba za ta ji saƙon ba sai ya dawo. Idan na kakare a wata kalma sai Gwaggo ta faɗa mini ita, ta ƙarasa jimlar ma gaba ɗaya, idonta a rufe, da wata irin murya mai nauyi da ba tata ba. Mun ɗauki damina guda muna wannan karatu. Wani lokaci in ɗago in ga ta yi barci, amma da na yi shiru sai ta ce, "Ci gaba, ai bai iso ba tukuna."

A ɗaya daga cikin ranakun nan ne ta ce ta tuna wata. Matar wani marini ce a Ƙofar Mata, ta zo sau ɗaya tak ta sayi haɗin da ya fi kowanne kyau, ba ta yi ciniki ba, ba ta kuma sake dawowa ba. Ta ce, "In tana raye, ki gaishe ta."

Gwaggo ta rasu bayan sallar layya. Littattafan addinin aka kai zauren wani malamin unguwa inda ɗalibai suke karatu, wasiƙun kuwa ta riga ta gaya wa mahaifina nawa ne. Na daɗe ban iya shiga gidan kowa da maganar turare ba. Sai da wata damina ta zagayo sannan na shirya na nufi Ƙofar Mata.

Na bi ta gefen marina, inda masu rini suke zaune a bakin ramuka suna tsoma yadi suna ɗagawa, hannuwansu shuɗi har gwiwa, daga can ciki kuma ana jin bugun mabuga yana tashi bi-da-bi. Na yi ta tambaya har wani dattijo ya nuna mini gidan da haɓarsa. 'Yar matar marinin ce ta tarbe ni, ita ma ta girme ni, ta kai ni wani ɗaki mai sanyi. Tsohuwar, wadda suke ce wa Hajiya, tana zaune a kan buzu, 'yar ƙarama kamar za a ɗauke ta da hannu ɗaya, amma idonta tar.

Na durƙusa na gaishe ta, na isar da gaisuwar Gwaggo, na gaya mata ta riga mu gidan gaskiya. Ta yi mata addu'a mai tsawo. Sannan na faɗi abin da ya kawo ni. Ta dube ni ta dubi 'yarta.

Ta ce, "Turaren yana nan, 'yata, ko tsinke ban taɓa ba. Na likkafanina ne. Shekarar da maigidan nan ya rasu na ga yadda aka yi ta guje-gujen neman kaya, na ce ni ba za a wahala a kaina ba."

Kunya ta kama ni, na fara ba ta haƙuri zan tashi. Ta ce in zauna. Ta sa 'yarta ta jawo wani ƙaramin akwati. A ciki ga farin alawayyo a ninke, ga sabulu, ga ƙunshin a kusurwa, an ɗaure shi da zare irin ɗaurin Gwaggo. Ta sa aka kawo faranti, ta kwance da kanta a hankali, ta juye turaren, ta miƙo mini takardar. Ɗakin ya cika da ƙamshi har 'yarta ta ce, "La ilaha illallahu."

Tun daga layin farko na gane ta. Ita ce mai bin wadda na ɓoye a ƙarƙashin cinyata ina yarinya.

Hajiya ta ce, "To karanta mana mu ji, kada ki cinye ke kaɗai."

Na gaya musu inda labarin ya tsaya, sannan na karanta. Ashe ba teku ba ce. Garken shanu ne suke ƙetare kogin da iyo, jikinsu duk a cikin ruwa, ƙahoni da hanci kaɗai ne a sama, kuma hucinsu ne telan ya ji yana tahowa cikin tururi. Fatake suka ɗaga filafilai suka tsaya cik. Shanun suka yi ta wucewa ta gaba da bayan kwalekwalen, farare, babu mai kuka a cikinsu, makiyayin yana riƙe da wutsiyar na ƙarshe yana yi musu magana ƙasa-ƙasa, har tururin ya haɗiye su.

Na kai ƙarshe na ajiye takardar. Can sai Hajiya ta ce, "Ikon Allah. Ashe duk shekarun nan da shanu nake kwana a ƙarƙashin gado."

Muka yi dariya har 'yarta ta share hawaye. Na ce ko za ta yarda in kawo mata sabuwar takarda mai kyau in karɓi wannan. Ta girgiza kai. Ta ce, "A'a, 'yata. Takardar ta sha turaren, turaren ya sha takardar. Tare suka tsufa, a bar su tare." 'Yarta ta ce in ɗauki hoto da waya mana. Na ɗauka. Hajiya ta mayar da turaren, ta ninke, ta ɗaure.

Zan fita ta ce, "Shi telan, ya isa inda za shi kuwa?"

Saboda wannan tambayar na riƙa komawa. Na kwaso duk shafukan da na tara, na jera su yadda suka dace, nakan je da yamma in karanta mata. Inda aka samu giɓi sai in ce, "Hajiya, nan babu," ita kuma ta ce, "To, a nan sun tsaya sun yi sallah," mu wuce. Fitowar ƙarshe da nake da ita ta bar telan a wani gari inda kogin ya rarrabu kamar yatsun hannu, iska tana ɗanɗanon gishiri, ana ce masa saura kaɗan. Abin da ya biyo baya ban taɓa samunsa a akwatin kowa ba, dattijon Kurmi ma ya ce ba ya jin an buga.

Hajiya ta ce, "Ke ba ki taɓa ganin teku ba?"

Na ce, "Ban taɓa ba."

Ta gyara zama. Ta ce ita ta gani a Jidda, shekarar da suka sauke farali, wani ɗan'uwan mijinta mazaunin can ya kai su da yamma. Ta ce, "Kin ga ruwan rini idan baba ya nuna, ya yi wannan duhun mai sheƙi? To ki ɗauka an buɗe ramukan duniya duka an haɗe su, babu baki, babu katanga. Yana zuwa har ƙafarki ya koma, ya sake zuwa ya koma, kamar mai son yin sallama kunya ta hana shi. Na tsoma bakin mayafina don in ga ko zai kama. Ya fito fari yadda yake. Maigidan ya yi ta yi mini dariya, ya ce wannan rinin ba na sayarwa ba ne." Ta ce telan ma abin da zai gani ke nan, kuma ta tabbata zai tsoma wani abu a ciki, don mai sana'ar yadi ba ya ganin launi ya ƙyale.

Ta ƙara shekara biyu ko fiye a duniya, ina zuwa gaishe ta lokaci-lokaci. Ranar da ta rasu ina makaranta, sai washegari na samu labari. Da na je zaman makoki 'yarta ta jawo ni gefe ta ce Hajiya ta bar wasiyya a turara likkafanin da ƙunshin yadda yake, kada a kwance. Haka aka ɗora shi a kan garwashi, da takardar da zaren.

Ina zaune cikin mata ana ta karɓar gaisuwa, wata dattijuwa da ban sani ba ta matso ta taɓa gwiwata. Ta ce, "Ke ce malamar nan mai tara takardu?" Na ce ni ce. Ta ce za a rushe tsohon ɗakin surukinta a yi na siminti, akwai wani buhu a saman azara da ba wanda ya san abin da ke ciki, in ina so in zo kafin magina su zo.

Na je ranar Asabar. Aka sa tsani aka sauko da buhun, ƙasa tana zuba. Ɓeraye sun riga ni, sun mai da rabinsa gari. Abin da ya tsira littattafan koyon karatu ne na yaƙi da jahilci, da wani kundin hotunan samfurin riguna na maza, da katunan gaisuwar sallah masu hoton furanni da jirgin sama. Matan gidan suka kewaye ni suna jira su ga ko zan ce an yi asara. Na zauna a kan turmi na fara kakkaɓe su ɗaya-ɗaya, na ce a taimaka mini da tsintsiya mai laushi da wani buhun da ba shi da huji.